Zaɓen Mulmulallen Harsashi don Bindigar Iska: Tambayoyi da Amsoshi

Da yawa daga cikin bindigogin iska da ke lalacewa tun suna sababbi, harsashin da aka zuba musu ne ke kashe su. Mutum ya ga an rubuta 4.5 a jikin gwangwani, ya ga 4.5 a jikin bindigarsa, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Ga tambayoyin da masu harbi suka fi yi a kan mulmulallen harsashi, da amsoshinsu.

Me ake nufi da mulmulallen harsashi, kuma iri nawa ne?

Harsashi ne mai siffar ƙwallo, ba kai ba gindi, ta ko'ina aka juya shi ɗaya ne. Ya bambanta da harsashi mai ƙugu, wanda ake kira diyabolo, mai kai a gaba, tsukakken ƙugu a tsakiya da buɗaɗɗen gindi a baya.

Iri uku aka fi samu. Akwai na ƙarfe, wanda aka fi sani da BB, da ake shafe shi da tagulla ko zinki. Akwai na dalma, ko dai tsurarta ko an lulluɓe ta da tagulla. Sai na roba mai kaurin milimita 6, wanda na bindigogin wasa ne, harkarsa daban. Bayan waɗannan akwai wanda ake haɗawa da garin ƙarfe don ya wargaje idan ya daki abu mai tauri, sai kuma manyan ƙwallayen dalma na bindigogin iska masu faɗin baki.

An rubuta 4.5 a gwangwanin, an rubuta 4.5 a bindigata. Ba shi ke nan ba?

A'a. Wannan lamba ɗaya tana ɓoye abubuwa uku da ba sa maye gurbin juna.

BB na ƙarfe sunansa kawai ke 4.5. Idan ka auna shi za ka samu tsakanin milimita 4.3 da 4.4, nauyinsa kuma kusan giram 0.33 zuwa 0.35. Da gangan aka rage masa kauri, domin ƙarfe ba ya lotsewa: dole ya wuce cikin bututu a sake, in ba haka ba ya maƙale.

Ƙwallon dalma na 4.5 kuwa cikakken 4.5 ne, wani lokaci har ya ɗan haura, kuma nauyinsa ya kai kusan giram 0.53. An yi shi ne ya matse a cikin bututu mai tsaga, wato mai murɗaɗɗun layuka a cikinsa, tsagogin su ɗan ci jikinsa su murza shi.

Na ukun shi ne ƙwallon dalma na 4.4, mai nauyin kusan rabin giram. Wasu tsofaffin bindigogin Turai, irin Haenel 310 ta tsohuwar Jamus ta Gabas, shi kaɗai suke ci. Ka zuba musu na 4.5, hanyar da ke kai harsashi bututu ta toshe. Ka zuba musu na ƙarfe, ka ci bututun.

Bambancin da ke tsakanin waɗannan bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, ido ba ya ganinsa. Shi ya sa duk mai harbi da gaske yake ajiye ma'aunin kauri mai nuna har 0.01 na milimita. Kafin ka sayi komai, karanta abin da aka buga a jikin bindigar da abin da littafinta ya ce. Bindiga ce ke zaɓen harsashinta.

Yaya zan gane ko bututun bindigata mai tsaga ne ko mai sumul?

Fara da tabbatar da cewa ba harsashi a ciki, an cire kwalbar gas ko an sauke iska, ba a ɗana ta ba. Buɗe ta daga baya, haska tocila ta baki, ka leƙa ta wajen da ake sa harsashi. Idan ka ga layuka suna murɗawa tun daga farko har ƙarshe, mai tsaga ce. Idan cikin yana sheƙi kamar bututun ruwa, ba layi ko ɗaya, mai sumul ce. Bindigar da ba ta buɗuwa ta baya, kada ka kai idonka bakinta. Nemi bayaninta a littafi.

Me zai faru idan na harba na ƙarfe a bututu mai tsaga?

Abu biyu, kuma duka ba daɗi. Na farko, tunda ƙwallon ya fi bututun ƙanƙanta, tsagogin ba za su kama shi ba. Iska za ta tsere ta gefensa, shi kuma ya riƙa dukan bangon bututun hagu da dama har ya fita ta inda ya ga dama. Na biyu, wannan dukan yana daddatsa gefen tsagogin. Bututun bindigar iska ana yinsa da ƙarfe mai taushi ne, wasu ma da farar tagulla, saboda dalma aka yi niyya zai ɗauka. Ɓarnar ba ta bayyana a rana ɗaya, amma da zarar tsagogin bakin bututun sun ci, ko harsashi mai ƙugu mafi tsada ba zai ƙara tafiya daidai ba, kuma ba gyara sai canjin bututu.

Idan bindigar mai sifirin ce, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, akwai ɓarna ta uku. Fistin ɗinta yana buƙatar harsashi ya toshe bututu na ɗan lokaci don iskar da ta matsu ta tare shi kafin ya kai ƙarshe. Ƙwallo mai sako-sako ba ya tare komai, sai fistin ya daki bangon gaba da ƙarfi, tamkar an harba ta ba harsashi. Robar kan fistin ta fashe, sifirin ya karye.

Akwai bindigogin da masu ƙera su suka yarda a harba duka biyun, irin Daisy 880 da Crosman 2100. A nan ba laifi, tunda haka aka ƙera su. Duk da haka, wanda ya damu da saitin bindigarsa gara ya rage yawan na ƙarfen.

To, na dalma fa a bindigar BB mai sumul?

Ya danganta da yadda bindigar ke kai harsashi bututu. Da yawa daga cikinsu suna da ɗan maganaɗisu a kan sandar da ke tura harsashi ko a gindin bututu, shi ke riƙe ƙwallon kada ya gangaro idan an sunkuyar da baki. Maganaɗisu ba ya kama dalma. Sakamakon shi ne ƙwallo ya zubo ƙasa kafin a harba, ko biyu su shiga lokaci guda.

Masu gidan harsashi da sifirin ke tura ƙwallaye a jere kuwa, matsin sifirin yana iya lotsa dalma mai taushi, ƙwallayen su cije juna. Ga kuma kauri: cikakken 4.5 ba zai wuce bututun da aka yi wa 4.4 ba. Abin da ya fi dacewa a nan shi ne ƙwallon dalma da aka yi da girman BB aka lulluɓe da tagulla, irin Smart Shot na kamfanin H&N. Yana aiki a yawancin gidajen harsashi masu sifirin, amma shi ma maganaɗisu ba ya riƙe shi. Gwada guda biyar tukuna kafin ka cika gidan.

Daga ina sunan BB ya samo asali?

Sunan wani girma ne na 'ya'yan harsashin bindigar farauta, mai kaurin inci 0.180, wato kusan milimita 4.57. Bindigogin BB na farko na Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19, da shi suke aiki, kuma na dalma ne. Daga baya kamfanin Daisy ya rage kaurin zuwa inci 0.175, sannan a shekarun 1920 ƙarfe ya fara maye gurbin dalma. Girman ya canza, sunan ya zauna.

Tsakanin mulmulalle da mai ƙugu, wanne ya fi tafiya daidai?

Mai ƙugu, kusan ko da yaushe, idan bututun mai tsaga ne. Buɗaɗɗen gindinsa yana kumbura da bugun iska ya toshe bututu tsaf, nauyinsa yana gaba, kuma iskar da ke jan gindinsa tana miƙar da shi a hanya. Ƙwallo ba shi da ko ɗaya daga waɗannan.

A bututu mai sumul matsalar ƙwallo ita ce juyi. Duk inda ya gogi bango na ƙarshe kafin ya fita, nan ne zai ba shi juyinsa, kuma ƙwallon da ke juyawa yana lanƙwasa a iska, kamar yadda ƙwallon ƙafa ke lanƙwasa idan an buge shi da gefen ƙafa. Wannan harbin ya juya hagu, na gaba ya juya sama. A mita 5 abin bai taka kara ya karya ba. A mita 10 ramukan sun fara watsewa, a mita 20 kuwa sai dai a yi ta harbin gwangwani don nishaɗi.

Maganin shi ne rage ratar da ke tsakanin ƙwallo da bututu. Daisy 499, wadda ake gasar mita 5 da ita, misali ce mai kyau: bututunta a matse yake, ana sako mata ƙwallo ɗaya ta baki, ya gangara a hankali har maganaɗisu ya kama shi, kuma ƙwallayenta an goge su ne musamman su zama girma ɗaya. A wannan tazara tana iya tara harsasai kusan a rami guda.

To me ya sa mutum zai zaɓi mulmulalle? Saboda ba shi da gaba da baya, yana gangarawa da kansa, don haka bindigogi masu harbi a jere sun fi sauƙin ƙerawa da shi. Ya fi arha, kuma wasu bindigogi ba su cin komai sai shi.

Mai nauyi ya fi ko mara nauyi?

Kada gudun da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Da harsashi mafi rashin nauyi ake auna shi. Abin lura shi ne ƙarfin bugu, wanda ake lissafawa da jul: rabin nauyi a kilogiram, sau gudu a mita cikin daƙiƙa, sau gudun kuma. Ɗauki ƙwallon ƙarfe mai giram 0.35 da ke gudun mita 120 a daƙiƙa, zai ba ka jul 2.5. Ƙwallon dalma mai giram 0.53 da ke gudun mita 105 zai ba ka jul 2.9. Na biyun ya fi jinkiri amma ya fi bugu, kuma ya fi riƙe gudunsa a hanya domin iska ba ta rage masa da wuri.

Bindigogin gas ɗin CO2 da na matsattsiyar iska sukan ɗan ƙara fitar da ƙarfi idan harsashin mai nauyi ne, saboda yana daɗewa a bututu gas na tura shi. Amma idan bindigar mai rauni ce, nauyin yana sa harsashi ya faɗi ƙasa da wuri. A tuna kuma matsin CO2 yana bin zafin wuri: kusan 57 ne a ma'aunin matsi na bar idan zafi digiri 20 ne, yana raguwa da sanyi, kuma harbi da sauri a jere yana sanyaya kwalbar. Idan kwalbar giram 12 ta kusa ƙarewa, ƙwallon dalma mai matsewa shi ne zai fara tsayawa a tsakiyar bututu. Da ka ji ƙarar ta yi laushi, dakata ka canza kwalba.

Ga ƙiyasin nauyin ƙwallon dalma a sauran girma: na milimita 5.5 kusan giram 1, na 6.35 kusan giram 1.5. Idan gwangwanin da giren aka rubuta, giren ɗaya giram 0.0648 ne.

Shafin tagulla ko na zinki, akwai bambanci?

A kan ƙarfe, aikin shafin hana tsatsa ne, bai sa ƙwallon ya yi taushi ko kaɗan ba. Mutane da yawa suna ganin jan launi su ɗauka tagulla ce zalla. Sa maganaɗisu ka gani. Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne santsin jiki da daidaiton girma. A kan dalma kuwa, tagulla tana hana ƙwallaye lotsewa a gidan harsashi, tana kuma rage baƙin da ke shafar yatsu.

Yaya zan gwada in san wanda bindigata ta fi so?

Sayi ƙananan gwangwanaye na iri uku ko huɗu da suka dace da bututunka. Daga kowanne ɗebi 20, ka auna kaurinsu, kowane ɗaya ta fuska biyu. Idan bambancin da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta ya wuce 0.03 na milimita, kada ka sa ran saiti mai kyau daga wannan gwangwanin. Gangara su a kan gilashi: wanda ya yi tangaɗi ko ya karkace yana da lotsa ko tabon inji, ware shi.

Sannan ka ɗora bindigar a kan jakar yashi, takarda a mita 5 idan mai sumul ce, mita 10 idan mai tsaga ce. Harba 10 a kowace takarda kana auna wuri ɗaya, kada ka taɓa saiti ko da ramukan sun faɗa gefe. Taruwarsu ake nema. Harbi uku ba ya nuna komai, sa'a tana iya haɗa su. Auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ya fi nisa da shi, rubuta, maimaita sau uku ga kowane iri. Da bindigar CO2, bar daƙiƙa 10 zuwa 15 tsakanin harbi da harbi, kuma ka gwada kowane iri da kwalba mai cika ɗaya. Idan ka canza daga dalma tsura zuwa mai tagulla, yi harbi kamar 10 a banza kafin ka fara ƙirga.

Bindigogi biyu masu suna ɗaya, daga masana'anta ɗaya, suna iya son harsashi daban-daban, don haka shawarar wani ba ta wuce mafari ba.

Da gaske ƙwallon ƙarfe yana dawowa kan mai harbi?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ne haɗarinsa mafi girma. Dalma idan ta daki abu mai tauri tana baje wa, ƙarfinta ya ƙare a nan. Ƙarfe ba ya baje wa, sai ya yi tsalle ya dawo da mafi yawan gudunsa, sau da yawa ta hanyar da ya bi. Ƙarfe, siminti, dutse, busasshen katako mai tauri da tayar mota duk suna mayar da shi. Saman ruwa ma yana karkatar da shi. Ƙwallon dalma bai kai haka ba, amma ya fi mai ƙugu dawowa, musamman daga bindiga mai rauni da ba ta da ƙarfin baje shi.

Saboda haka tabarau na kariya wajibi ne ga mai harbi da duk wanda ke tsaye kusa. Tabarau na karatu ko na rana ba sa wadatarwa. Akwatin ƙarfe da ake tare harsashi mai ƙugu da shi bai dace da BB ba. Yi amfani da kwali mai zurfin akalla santimita 30, a cusa masa tsummoki ko jaridu dam, sannan a rataya tsohon bargo ko darduma a bayansa, a sake, ba a ɗaure ƙasansa ba, don ya shanye duk wanda ya kauce. Riƙa duba cikin kwalin: idan ƙwallaye suka taru wuri ɗaya, sabo yana dukan tsoho ya dawo.

Irin mai wargajewa, kamar Dust Devils, yana rage wannan haɗari a kan ƙarfe da siminti, amma a kan katako ko roba ba lalle ya fashe ba.

Zan iya tsince waɗanda na harba in sake amfani da su? 'Ya'yan boris fa?

Kada ka yi. Wanda aka harba ya riga ya lotse ko ya kwashi ƙasa, shafinsa ya kankare, kuma yashi ɗaya ya isa ya karce bututu ko ya yanka robar da ke riƙe gas. 'Ya'yan boris kuma an gasa su sun fi bututun tauri nesa ba kusa ba, kaurinsu ba lalle ya dace ba, dawowarsu ta fi muni.

Ƙwallo ya maƙale a bututu. Me zan yi?

Kada ka sake harba wani a bayansa don ya ture shi; biyu za su cije, cirewa ta ƙara wuya. Cire gidan harsashi, cire gas ko sauke iska, ka fuskantar da bakin inda ba kowa. Nemi sandar farar tagulla ko ta katako da ta ɗan fi bututun siranta, ka tura ƙwallon a hankali zuwa ɓangaren da ya fi kusa kuma yake buɗe. Ban da ƙusa, ban da waya, ban da guduma. Idan za ka shiga ta baki, kula da gefen bakin, don ƙaramin tabo a nan yana ɓata saiti. In ya ƙi motsi, kai wa mai gyara.

Kada kuma ka ɗiga man inji don ya sulale. A bindiga mai sifirin, man fetur da danginsa suna kamawa da wuta idan iska ta matsu, su ƙone robar fistin.

Na roba mai milimita 6 fa?

Shi ma ana kiransa BB, abin da ke ƙara rikita masu saye. Kaurinsa na gaskiya kusan 5.95 ne, nauyinsa daga giram 0.12 zuwa sama da 0.30, kuma 0.20 da 0.25 aka fi amfani da su. Ba ya shiga bindigar 4.5 ko 5.5. Mai 0.12 na ƙananan bindigogi masu rauni ne. A masu ƙarfi yakan watse ko ya fashe a ciki. Guji mai layin haɗi a tsakiya, yana yage robar da ke ba ƙwallon juyi.

Manyan bindigogin iska ma suna harba mulmulalle?

Da shi suka fara. Bindigar Girandoni, wadda sojojin Austiriya suka riƙe tun wajen 1780, tana ɗaukar ƙwallayen dalma kusan 20 masu kaurin inci 0.46. A yau masu bindigogin inci 0.45 da 0.50 suna amfani da shi don atisaye, saboda ya fi dogon harsashi sauƙi da arha. Na inci 0.457 nauyinsa kusan giram 9 ne. Sharaɗin shi ne dalma tsantsa mai taushi, kaurinta daidai da zurfin tsagar bututu ko ta ɗara da ƙanƙani. Waɗannan ba na bayan gida ba ne, filin harbi mai tudun ƙasa suke buƙata.

Ya dace da farauta?

Na ƙarfe bai dace ba sam: ba shi da saiti, ba ya baje wa, raunata dabba kawai yake yi. Ƙaramin ƙwallon dalma yana huda sosai, amma mai ƙugu ya fi shi faɗawa inda aka auna, kuma wannan ne abin da ake buƙata. Doka ma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Jamus iyakar bindigar da baligi zai mallaka ba tare da lasisi ba jul 7.5 ce, a Ingila kuwa kusan jul 16 ga doguwa da jul 8 ga gajera. Bincika dokar inda kake kafin saye.

Yaya ake adana su?

A busasshen wuri, cikin gwangwani mai murfi, da ɗan ƙunshin nan mai shanye danshi idan na ƙarfe ne. Wanda ya fara tsatsa a zubar. Na dalma kada a bar shi yana karo da juna a aljihu ko a mota, yana lotsewa; in ka ga farin gari a jikinsa ya tsufa, kada ka goge shi da hannu. Dalma guba ce mai taruwa a jiki, ta fi cutar da yara: ba a riƙe ƙwallo a baki, ba a ci abinci ana lodi, a wanke hannu da sabulu bayan an gama. Gidan harsashi mai sifirin a zazzage shi kafin a ajiye, kuma a kulle harsasai a wani wuri daban da bindigar.